Kwana Biyar da Tokiko Ta Nema

Tokiko Hyodo ta yi shekara talatin da takwas tana gyaran gashi a Kazeura, wani garin bakin teku a Japan, a ƙasan benen da take zaune, kujera biyu da madubi uku, ƙofar shagon na kallon inda jiragen kamun kifi ke tsayawa. Babu wata macen garin da ta haura arba'in wadda kanta bai taɓa shiga hannun Tokiko ba. Takan taɓa gashin mace ta ce mata ba ta samun barci, ko ta tambaye ta cikin wata nawa ne tun kafin mijin ya ji labari. Sau da yawa takan dace, kuma yawan dacewar ya sa ta saba da maganarta ta zama ta ƙarshe. Mijinta Katsuji, wanda ya yi aiki a kejin kiwon kifi na cikin teku har ciwon zuciya ya ɗauke shi, yakan ce da gashi ake mulkin ƙasa da tuni matarsa ta zama firaminista.

'Yarsu ɗaya ce, Chiharu. Tana da shekara ashirin da uku aka gano tana da gyambon babban hanji, ciwon da yakan lafa wata da watanni sannan ya taso da gudawa da jini. Akwai lokacin da ta ji sauƙi sosai ta ajiye magungunanta ba ta gaya wa kowa ba, abin ya dawo mata da ƙarfi har ta kwana ashirin a asibiti. Tokiko ba ta taɓa mantawa da wannan ba, ba ta kuma bar Chiharu ta manta ba.

A kakar shekarar 2012 Chiharu ta dawo gida haihuwa. Mijinta Takuro yana aiki a wani kamfanin ƙera jiragen ruwa a Hiroshima, aka shirya za ta yi wata ɗaya bayan haihuwa ta koma. Ta haifi namiji, aka sa masa Itsuki. Sai dai kafin watan ya cika ciwon hanjin ya taso. Likita Futagami, wanda ke duba ta a babban asibitin yankin, tafiyar awa ɗaya a mota ta hanyar da ke bin gindin gonakin lemo, ya ɗora ta kan ƙwayoyin da ke kwantar da ciwon da sauri amma suna kumbura fuska. Duk lokacin da ya fara rage su sai jinin ya dawo. A ranar ashirin ga Disamba ya ƙara mata wata 'yar ƙwaya, azatiyofirin, ɗaya kowace safiya. Ya ce kaɗan ya ba ta, bai kai rabin abin da ake ba mutanen Turai ba, amma duk da haka sai an riƙa duba jininta, kuma in ta ji zazzaɓi ko ciwon maƙogwaro ta kira nan take. Tokiko na zaune a gefe da jariri a hannu, ta ji komai da kunnenta.

Gwajin mako ɗaya ya fito lafiya. Aka sa na gaba ranar Alhamis, goma ga Janairu.

Shi kuwa Janairu, ga mai gyaran gashi, wata ne na bikin 'yan shekara ashirin. A waccan shekarar ranar Lahadi sha uku ga wata garin ya sa bikin, kuma 'yan mata goma sha ɗaya ne suka rubuta suna wurin Tokiko, za ta ɗaure musu gashi ta sa musu kimono, rigar gargajiya mai faffaɗar ɗamara. Kowacce sai ta zo gwaji tukuna da uwarta, a gwada furanni, a yi gardama, a kwance a sake. Daga Alhamis zuwa Asabar babu awa ɗaya da ba a cike ba. Chiharu kuma ba ta iya tuƙin awa ɗaya ita kaɗai da wannan ciwon cikin, ga jariri.

Ranar Litinin ta wannan makon, Tokiko tana naɗe wa ƙawarta Mitsue gashi, sai Chiharu ta sauko daga bene da hannunta a dunƙule. Ta tsaya a bayan kujera ta buɗe. Gashi ne cike da tafin hannu, dogaye baƙaƙe.

"Mama, dubi. Taje ɗaya na yi."

Tokiko ta leƙa, ta sa yatsa ta ɗaga gashin goshin 'yar, ta yi dariya. Ta ce ai na jego ne, wata huɗu cif, lokacinsa ne. Ta ce ita da ta haifi Chiharu sai da ta toshe magudanar banɗaki sau biyu. Mitsue ta sa baki daga cikin madubi ta ce ita nata bai ma dawo ba har yau, shi ya sa take ciyar da wannan shagon shekara talatin. Suka yi dariya su biyu.

"Ba irinsa ba ne," in ji Chiharu. "Fatar kan ma zafi take yi."

"Kan mutum nawa na taɓa a rayuwata? Je ki kwanta kafin yaron ya farka."

Da yamma suna cin abinci Tokiko ta kawo maganar Alhamis. Ta ce gwajin farko ai lafiya lau ya fito, cikin ma ya fara lafawa, mene ne a ciki in an ɗaga zuwa Talata, bayan biki? Kwana biyar ne kawai. Chiharu ta ci gaba da juya miyarta. Washegari ta kira asibiti ta ce uzuri ya taso, aka ba ta Talata sha biyar ga wata. Ba ta ambaci gashi ba, tunda an gaya mata na jego ne.

Ranar Laraba maƙogwaronta ya fara kaikayi. Ranar Juma'a bakinta ya fito da ƙuraje har shinkafa ta gagare ta, sai kunun shinkafa mai ruwa. Tokiko ce ke ajiye mata ƙwayar kowace safiya a wani ɗan faranti kusa da kofin shayi, kuma a safiyar Juma'ar nan Chiharu ta ture farantin gefe. Ta ce tana jin wannan maganin ne, tana so ta dakata har ta ga likita. Tokiko tana tsaye da rigar aiki, wadda za a fara yi wa gyara za ta iso cikin minti goma. Ta tuna mata da kwana ashirin ɗin can. Ta ce yanzu ba ita kaɗai ba ce, akwai yaro, kuma ba za ta zuba ido ta ga an maimaita wauta ɗaya sau biyu ba. Mura ce, rabin garin na tari. Ta tsaya a kanta har ta haɗiye, sannan ta sauka. Haka ta yi ranar Asabar ma.

Ranar Lahadi ta buɗe shago tun ƙarfe biyar na asuba. Ta ɗaure kai goma sha ɗaya, ta ja ɗamara goma sha ɗaya, iyaye na ɗaukar hoto suna godiya. Aikin ya yi kyau, har yau tana iya tuna launin kowace kimono. Wajen sha ɗaya saura ta ƙarshe ta fita, Tokiko ta share ƙasa, ta zauna ta sha shayi. Sai a lokacin ta lura kukan Itsuki ya daɗe bai tsaya ba.

Ta hau bene ta sami Chiharu a kwance a kan tabarma kusa da gadon yaron, jikinta na karkarwa, haƙoranta na haɗuwa, leɓɓanta sun bushe. Matashin da ta ɗora kai ya yi baƙi da gashi. Tokiko ta kira sunanta, Chiharu ta buɗe ido ta dube ta kamar ba ta gane ta ba.

A asibiti suka ce fararen ƙwayoyin jininta, masu yaƙi da cuta, sun kusa ƙarewa gaba ɗaya, kuma ƙwayar cuta ta bi ta maƙogwaro ta shiga jini. Aka sa ta a ɗaki ita kaɗai, ba a shiga sai da takunkumi da riga ta musamman. Kwana tara ba wanda ya iya cewa ga inda abin zai faɗa. Ƙodarta ta tsaya, aka haɗa ta da na'ura. Takuro ya iso da yammacin ranar, ya rusuna ya gaida surukarsa kamar kullum, ya gode mata da ɗawainiyar yaro, bai tambaye ta komai ba.

Likita Futagami ne ya tambaya. Ya kira ta wani ɗan ofis ya ce yaushe gashin ya fara zuba. Ta ce Litinin. Ciwon maƙogwaro fa? Laraba. Ta ci gaba da shan maganin? Tokiko ta ce e, har Asabar. Ya rubuta, bai ɗago ba. Daga baya ya ce laifinsa ne da bai ambaci gashi ba a cikin abubuwan lura. Ya ce akwai marasa lafiya ƙalilan a ƙasar nan da wannan maganin ke yi wa haka, gashi ya zube, jini ya faɗi, ko da an ba su ɗan kaɗan. Littattafan da aka rubuta a Turai sun ɗora abin a kan wani sinadarin jiki, an auna shi a Japanawa an ga nasu lafiya yake, amma abin bai daina faruwa ba. Ba su san dalili ba tukuna.

Tokiko ta tambaye shi da a ce sun zo ranar Alhamis fa. Ya ce da sun ga jinin ya yi ƙasa, da sun tsayar da maganin sun kwantar da ita tun kafin zazzaɓin. Gashin dai da ya zube duk da haka. Sauran kuwa ba zai iya rantsuwa a kai ba.

Chiharu ta rayu. Ta yi mako bakwai a asibiti, ta fito da kai tas babu ko gira, ƙodarta ta dawo aiki amma ba duka ba, aka ce mata wata haihuwar tana da haɗari. A makonnin nan Tokiko ce ta riƙe Itsuki, tana ajiye shi a kwando a gefen madubi tana aiki. A gabanta ya fara zama, a hannunta ya fitar da haƙorin farko. Ta ɗauki hotuna ta kai asibiti, Chiharu ta duba ta ce na gode, ta kife wayar.

Kafin a sallame ta Tokiko ta yi odar gashin sawa na gaske daga Osaka, ta kwana biyu tana datse shi daidai da askin da Chiharu ta saba. Ranar da ta kai mata, Chiharu ta ce ta ajiye tukuna, fatar kan ba ta son nauyi. Ta sa hular ulu da Takuro ya sayo mata. Da hular ta koma Hiroshima a watan Maris.

Ba su yi faɗa ba, ko sau ɗaya. Chiharu na kira ranar Lahadi, ta ba yaron wayar ya ce Kaka, a yi maganar ruwan sama da farashin kabeji. Lokacin bikin tunawa da magabata a watan Agusta sukan zo su kwana biyu, su je kabarin Katsuji, su koma. Duk Disamba Tokiko na aika musu kwalin lemo. Gashin Chiharu ya dawo, siriri, da ɗan lanƙwasa da ba shi da ita a da, tana yanke shi gajere a wani shago can Hiroshima. Tokiko takan ga inda mai askin ya yi kuskure a bayan kunne, hannunta ya motsa, ta maida shi cikin aljihun riga.

Sau da yawa ta shirya abin da za ta ce. Takan shirya shi tana wanke wa wata kai, ta jera kalmomin tsaf. In sun haɗu sai ta ga yaron na wasa, Takuro na zaune, abinci na kan wuta, ta ce bari sai an samu natsuwa. Mitsue ta taɓa ce mata, ke da bakinki ba ya hutawa, kalma biyu ta gagare ki? Tokiko ta ce ta sunkuyar da kai ruwa zai shiga mata ido. A shekara ta uku ta daina karɓar 'yan bikin Janairu, ta ce wa mutane kafaɗarta ce ta gaji.

Shekara shida suka wuce a haka. A watan Afrilu na 2019 Chiharu ta kira ranar Laraba, abin da ba ta saba ba, ta ce za ta zo ranar Asabar ita kaɗai, ta kwana ɗaya. Tokiko ta kasa tambayar dalili. Ta dafa shinkafa da jan kifin teku da ake kira tai, ta soya wainar kifi, ta goge gidan sau biyu.

Bayan sun ci, Chiharu ta ciro takarda daga jaka ta shimfiɗa a kan tebur. Ta ce likitanta na Hiroshima ya yi mata wani sabon gwaji da aka fara yi a bana, yanzu kafin a ba mutum wancan maganin sai an yi masa. An gano dalilin. Ta nuna wasu haruffa da lamba, NUDT15, ta ce sunan wani sinadari ne da jiki ke yi, aikinsa ya lalata ragowar maganin kada ya taru. Yadda za a yi shi rubuce yake a ƙwayoyin gado, kowa na da kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A Japan kusan mutum ɗaya cikin biyar yana da kwafi ɗaya mai rauni, irin waɗannan sai a rage musu maganin su zauna lafiya. Ɗaya cikin ɗari kuma duka biyun ne masu rauni. A jikinsu maganin ba ya da mai kwashe shi, sai ya taru a ɓargo da saiwar gashi. A Turawa da wuya a samu irin wannan, shi ya sa littattafansu ba su san da shi ba.

"Ni ce ɗaya cikin ɗarin," in ji Chiharu. "Ba ciwo ba ne. Da ban sha wannan maganin ba, da har na mutu ban sani ba."

Tokiko ta sa tabarau ta duba takardar, ko da yake ba abin da ta gane a ciki. Ta ce ke nan ɗaya daga wurinta ya fito, ɗaya daga wurin Katsuji. Chiharu ta ce haka ne, amma wannan ba abin da wani ya zaɓa ba ne, kada ta ɗora wa kanta. Ta ce Itsuki ma dole yana da ɗaya, an rubuta a littafin magungunansa.

A nan wani abu ya saki a ƙirjin Tokiko, wani sauƙi da ta yi shekara shida ba ta ji ba, kuma kafin ta yi tunani bakinta ya riga ta.

"Ashe tun daga haihuwa ne. Ashe ko da mun je ranar Alhamis ɗin…"

"A'a, Mama." Chiharu ba ta ɗaga murya ba. "Takardar ba ta ce haka ba. Ta faɗi abin da ya sa jinina ya faɗi. Ba ta ce komai a kan Alhamis ba."

Tokiko ta cire tabaran. Kunya ta rufe ta har wuya. Ta ga cewa a cikin shekarun nan duka ba hanyar ba da haƙuri kaɗai take nema ba, tana kuma jiran ranar da wani zai zo ya ce mata babu abin da za ta ba da haƙuri a kai. Ta ja jiki baya daga teburin, ta dafa hannu biyu a kan tabarma, ta sunkuyar da kai. Kalmomin da ta jera shekara da shekaru ba ko ɗaya da ta zo. Ta ce ita ce ta ɗaga ranar, ita ce ta tsaya a kanta ta sha, ta yafe mata.

Chiharu ta ce ta ɗago, gwiwarta ba ta son wannan zaman. Sai da Tokiko ta gyara zama sannan ta ci gaba. Ta ce ranar asibitin ita ma da hannunta ta kira ta ɗaga, shekararta talatin a lokacin, ba yarinya ba ce, da ta so da ta hau tasi. Wannan ta daɗe da raba shi biyu tsakaninsu. Maganin ma ta fahimta, tsoro ne ya sa.

"Abin da ya tsaya mini shi ne dariyar. Na sauko da gashina a hannu, na ce miki ba irinsa ba ne. Kika yi dariya ke da Mitsue. Daga ranar ban ƙara yarda da abin da jikina ke gaya mini ba sai da na faɗi. Har yanzu in na ji wani abu, sai na ji muryarki tana cewa je ki kwanta."

Tokiko ta so ta ce ba da mugunta ba ne, ta ga Chiharu ta san haka, kuma sanin bai rage komai ba.

"Ban zo don in tayar da wannan ba," in ji Chiharu. "Na yafe, Mama, tun tuni nake ƙoƙari. Ba ya zuwa gaba ɗaya ne, sai kaɗan-kaɗan." Ta tura takardar gabanta. Ta ce likita ya ce dangi su sani, ta ɓangaren uwa da na uba. Ita ba ta saba da dangin babanta na tsibiri ba. In Mama za ta iya kai wa Gwaggo Fusae, ta kai.

Da safe Tokiko ta raka ta tashar bas. Suka yi maganar makarantar da Itsuki ya shiga a wannan watan, da jakarsa da ta fi shi girma. Da bas ya zo Chiharu ta ce za ta kira ranar Lahadi mai zuwa, ta shiga.

Fusae yayar Katsuji ce, shekararta saba'in da tara, tana zaune a tsibirin da aka haife su, tafiyar minti arba'in a jirgin ruwa. Ba su taɓa shiri da Tokiko sosai ba, tun ranar da amarya ta ce wa yayar miji rinin gashinta ya yi duhu da yawa. Tokiko ta je ofishin gidan waya ta yi kwafi biyar na takardar, ta sayi alewar wake, ta rufe shago ranar Talata ta hau jirgin safe.

Ta sami Fusae a tsakar gida tana shanya ciyawar teku a kan raga. Bayan gaisuwa da kunna turare a gaban hoton iyaye, Tokiko ta fito da takardar ta yi bayani yadda ta iya. Ta yi ta tuntuɓe, ta koma baya ta gyara. Fusae na saurare, bakinta a tsuke.

"Wato kin hau jirgi kin zo ki gaya mini jinin gidanmu ne ya lalata miki 'ya."

"Rabi naku ne, Yaya, rabi nawa. Da ɗaya ne kawai da ba abin da ya same ta."

Fusae ta ce jikarta Nanami za ta yi aure a watan Oktoba, dangin mijin mutanen birni ne masu bin diddigi, ba ta son a ji cewa akwai wani abu a jinin Hyodo. A tsibirin nan magana ba ta kwana. Tokiko ta ce ba cuta ba ce, ba ta hana aure ko haihuwa, mutum ɗaya cikin biyar a jirgin da ta hawo yana ɗauke da irinta bai sani ba. Magani ɗaya ne da danginsa, in an taɓa rubuta wa wani a gidan, ya nuna wa likita wannan takardar kafin ya haɗiya. Shi ke nan.

Fusae ta ce yaran nan lafiyarsu ƙalau, ita ta san jikinsu, ita ta raine su.

"Ni ma haka na ce," in ji Tokiko.

Ta ba ta labarin duka, abin da ba ta taɓa gaya wa kowa a dangi ba. Su abin da suka sani shi ne magani ya ƙi Chiharu. Ta faɗi Litinin da gashi a tafin hannu, da kwana biyar, da farantin da aka ture ta maido. Ba ta rage komai ba. Fusae ta daina taɓa kofinta. Da Tokiko ta gama sai tsohuwar ta daɗe tana kallon hoton ƙanenta da ke kusa da na iyayensu.

"Shi ma bai taɓa iya ce miki a'a ba," ta ce. Sannan ta miƙo hannu. "Nawa kika kawo?"

"Biyar."

"'Ya'yana uku, jikoki bakwai. Ke da lissafi dai sai a hankali. Bar su, zan sa a ƙara."

Ta tashi da ƙyar ta sa takardun a aljihun tebur inda take ajiye katin asibiti, ta ce sai bayan bikin za ta raba, kada Tokiko ta sa mata baki a wannan. Tokiko ta buɗe baki za ta ce wata shida ya yi nisa, sai ta tambaya ko akwai wanda ke ganin likita a cikinsu yanzu. Fusae ta yi tunani ta ce ƙaramin ɗanta, na Matsuyama, yana fama da gaɓoɓi, an ce za a canja masa magani. Suka dubi juna. Fusae ta yi tsaki, ta jawo wayar gida, ta ce Tokiko ta karanto mata haruffan nan a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kunnenta ba kamar da ba.

Ɗan bai ɗauka ba, yana wurin aiki. Fusae ta bar masa saƙo cewa ya kira ta kafin ya sha komai, ta ajiye wayar. Jirgin komawa sai ƙarfe uku, ga shi ko sha biyu ba ta yi ba. Ta ce tunda Tokiko ta zo ta hana ta aiki, ta tashi ta kama mata ɗaya bakin ragar su matsar da ita inda rana take.